Musayar Waƙa: Ina Karatu, Ina Addu'a, To Ina Girman?

Ɗan ƙungiyar matasa, daga Jos:

Iyayena da 'yan'uwana cikin Ubangiji, ina gaishe ku. Na kawo tambayar da ta daɗe tana damuna, na kuma sa ta cikin waƙa domin in sami amsa cikin waƙa. Babban amsa-amon da na ɗauka shi ne "ya", kuma ina roƙon duk wanda zai amsa mini ya riƙe shi, ko da zai sauya yawan ɗango a baitinsa.

Da sunan Uba nake farawa,
Da Ɗansa wanda ya sha gicciyewa,
Da Ruhu Mai Tsarki mai koyarwa,
Ya ba ni harshen da zai iya furtawa,
Abin da ke damuna a zuciya.

Littafi Mai Tsarki ina buɗe shi,
Da asuba nakan zauna in karanta shi,
Jadawalin shekara ina bin shi,
Barci da gajiya sun kasa raba ni da shi,
Daga Farawa har na kai Irmiya.

Nakan durƙusa in yi addu'ata,
In jera wa Allah dukan buƙatata,
Amma idan na duba halayyata,
Fushina yana nan, haka ma gardamata,
Suna nan yadda suke a shekarun baya.

To, iyayena, ku ba ni amsa,
Shin girma cikin ruhu yana da nisa?
Ko kuwa ni ne na kasa isa?
Ko addu'ata ce ba ta hawa bisa?
Ku taimake ni, ku faɗa mini gaskiya.

Baba, dattijon ikkilisiya daga Wusasa:

Ɗana, na ji tambayarka, kuma ban ga laifinta ba. Littafin da ke hannunka bai zo mana da gaggawa ba, domin sai a 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, bayan Likita Walter Miller da abokan aikinsa sun shafe shekaru masu yawa suna fama da fassarar. Na taso na tarar da iyayenmu suna karanta shi suna bin layi da yatsa, kuma ban taɓa jin ɗayansu ya tsaya yana auna girman kansa ba.

Ɗana, ka koma Markus, sura ta huɗu,
Akwai misalin da zai kwantar maka da zuciya.

Wani mutum ya watsa iri a gonarsa,
Ya kwanta da dare, ya tashi da safiya.

Irin ya tsira, ya yi ta girma a hankali,
Mai gonar bai san yadda aka yi ba ko ɗaya.

Da fari ganye ne, sa'an nan kai ya fito,
Sa'an nan ƙwaya ta cika, ta nuna gaba ɗaya.

Wanda ke tone ƙasa kullum don ya duba irin,
Shi zai kashe shi tun kafin ya kai ga moriya.

Ni na shuka, Afolos ya yi ban ruwa, in ji Bulus,
Sa'ad da ya rubuta wa Korantiyawa masu jayayya.

Amma Allah ne ya sa shukar ta yi girma,
Ba mai shuka ba, ba mai ban ruwa ba, shi ɗaya.

Ka ci gaba da karatunka, kada ka yanke,
Abin da ya rage a gare ka shi ne juriya.

Malamar makarantar Lahadi, daga Kagoro:

Baba, Allah ya ƙara maka lafiya, ina neman izini in ɗora a kan maganarka, domin ina ganin haƙuri kaɗai ba zai warware matsalar ƙanena ba. Littafin da muke riƙe da shi yana da littattafai 66 da surori 1,189, saboda haka wanda yake so ya gama shi cikin shekara sai ya karanta sura uku zuwa huɗu a kowace rana. Wannan abu ne mai kyau, amma na sha ganin matasa suna cika jadawali alhali ba za su iya faɗin abin da suka karanta ba idan an tambaye su.

Ƙanena, yana da kyau ka bi jadawali,
Amma ka tambayi kanka cikin hankali,
Shin ka tsaya ka nemi ma'ana da dalili,
Ko kuwa ka wuce kamar mai tsere a fili,
Ka manta da yamma abin da ka karanta da safiya?

Mutumin Habasha yana cikin karusa,
Littafin Ishaya yana buɗe a hannunsa,
Filibus ya matso ya ji karatunsa,
Ya tambaye shi ko yana fahimtarsa,
Ya ce, yaya zan gane in ba a nuna mini hanya?

Ezra ya tsaya ya karanta wa jama'a,
Tun da sassafe suna saurare cikin ɗa'a,
Lawiyawa suna bayani sa'a bayan sa'a,
Har mutane suka yi kuka wurin jin Shari'a,
Ka duba sura ta takwas a Nehemiya.

Luka ya yabi Yahudawan wani gari,
Waɗanda suka karɓi Magana da marmari,
Suna binciken Nassi kowace rana da tsari,
Don su tabbatar da abin da Bulus ya faɗa tun fari,
Sunan garin nan nasu shi ne Biriya.

Saboda haka ka rage yawan surorinka,
Ka ɗauki aya ɗaya ka riƙe a bakinka,
Ka maimaita ta a hanya da wurin aikinka,
Ka mayar da ita addu'a kafin barcinka,
Ta haka take sauka daga kai zuwa zuciya.

Idan kana neman wurin farawa, ka ɗauki Zabura ta 119. Ayoyinta 176 ne, an raba su kashi 22 bisa haruffan Ibrananci, kowane kashi aya takwas, kuma a ganina aya takwas sun ishi mutum tunanin yini guda.

Mama ta Zumuntar Mata, daga Mubi:

'Ya'yana, idanuna sun yi rauni, jikata ce take karanta mini maganganunku, ita ce kuma take rubuta wannan da bakina. Kun yi magana mai kyau a kan karatu, amma kun bar addu'ar yaron a baya, alhali ita ce ya ce yana shakkar ko tana hawa bisa. A 2014, lokacin da 'yan Boko Haram suka shiga Mubi muka watse, na koyi wani abu game da addu'a wanda ban sani ba a dukan shekarun da na yi ina zuwa taron Zumunta.

Jikana, ka ce kana jera buƙatu,
Sai ka ce addu'a lissafi ce ko rubutu,
Ka tuna da matar nan mai suna Hannatu,
Wadda ta je Shilo da baƙin cikin zuciya.

Leɓunanta suna motsi, murya ba ta fita,
Eli firist ya ɗauka giya ce ta bugar da ita,
Amma Allah ya ji abin da ke ranta,
Ya ba ta Sama'ila, ya share mata kunya.

Dawuda ya ce, har yaushe, ya Ubangiji?
Ya faɗi ɓacin ransa daidai yadda yake ji,
Sa'an nan ya dogara ga mai kawo agaji,
Zabura ta 13 ke nan, aya shida ce gaba ɗaya.

Zabura ta 88 ta ƙare ne a cikin duhu,
Duk da haka tana cikin Littafin da ya zo ta wurin Ruhu,
In ka rasa kalma, ka ambaci sunan Almasihu,
Ruhu zai yi roƙo dominka da nishin da ya fi murya.

Da muka gudu, na bar littafina a gida,
Abin da na haddace shi ya zama mini shaida,
Ubangiji makiyayina ne, na faɗa na kuma yarda,
Da ayar nan na rarrashi jikokina a kan hanya.

Addu'ar kwanakin nan ba ta da zaƙi ko daɗi,
Kuka ne kawai da tsoro mai faɗi,
Amma a nan na koyi dogara, bari in faɗi,
Fiye da shekarun da na yi ina zaune lafiya.

Mai bishara, daga Maraɗi:

Mama, na gode da wannan shaida, Ubangiji ya ƙara miki ƙarfi. A nan Maraɗi masu bi ba su da yawa, kuma maƙwabtanmu ba sa tambayarmu surori nawa muka karanta, sai dai suna lura da yadda muke biyan bashi da yadda muke yi idan an ɓata mana rai. Na koma baiti na uku na waƙar ɗan'uwanmu, na ga ya ambaci fushi da gardama, sai na ga ya kamata a tsaya a wurin.

Ɗan'uwa, dukansu sun faɗi daidai,
Baba ya ce juriya, Malama ta ce a hankali dai,
Mama ta ce addu'a ba jerin kalmomi ba ce kawai,
Ni kuwa abu guda zan ƙara a kai,
Wato karatun da ka yi yana jiran biyayya.

Yakubu ya kwatanta mai ji ba ya aikatawa,
Da mutumin da ya je madubi yana dubawa,
Ya ga fuskarsa, ya juya yana wucewa,
Nan da nan kamanninsa yake mantawa,
Kansa ya ruɗa, bai ruɗi kowa ba a duniya.

Ka ce fushinka yana nan, to, da wa kake fushi?
Ka ambaci sunansa a ranka, kada ka ɓoye shi,
Yesu ya ce baikonka a gaban bagade ka ajiye shi,
Ka je wurin ɗan'uwanka tukuna ka shirya da shi,
Sa'an nan ka dawo ka miƙa abin da ka yi niyya.

Baba, daga Wusasa:

Mai bishara, na yarda da kai, amma da sharaɗi,
Kada yaron ya ɗauka da ƙarfinsa zai iya.

Bulus ya ce wa Filibiyawa su yi ta aikin cetonsu,
Da tsoro da rawar jiki, a nan babu jayayya.

Amma a aya ta gaba ya ce Allah ne mai aiki a cikinsu,
Shi ke ba da nufin, shi ke ba da ikon biyayya.

Bitrus ya yi alkawari da baki cewa ba zai gudu ba,
Kafin carar zakara ya yi musu sau uku, ya sha kunya.

Yesu ya riga ya ce masa ya yi tsaro da addu'a,
Domin ruhu ya yarda, amma jiki ba shi da juriya.

In zai tafi neman sulhu, ya fara durƙusawa,
Ya roƙi tawali'u kafin ya kama hanya.

Ɗan ƙungiyar matasa, daga Jos:

Mai bishara, tambayarka ta same ni,
Akwai ɗan'uwa a ƙungiyar mawaƙa da ya ɓata mini,
Muna waƙa tare amma ba ya gaishe ni,
Ni ma ban gaishe shi ba, girman kai ya hana ni,
Ran Asabar zan je gidansa tun da safiya.

Amma, Malama, ga wata tambaya a gabana,
In na je ya ƙi sauraron maganganuna,
Ko ya rufe ƙofa ya ce ba ya son ganina,
Shin na sauke nauyin da ke kaina,
Ko sai na yi ta komawa har ya yarda mu shirya?

Malama, daga Kagoro:

Ƙanena, Romawa 12 ta ba ka iyaka,
Ta ce in mai yiwuwa ne, gwargwadon ikonka,
Ka yi zaman lafiya da kowa a rayuwarka,
Amsarsa tasa ce, zuwan kuwa naka,
Kada ka je da lissafin laifofinsa na baya.

In ya ƙi, ka dawo ka sa shi cikin addu'a,
Ka ambaci sunansa da alheri, ba da ba'a,
Ka gaishe shi ran Lahadi a gaban jama'a,
Ka sake komawa in ka sami wata sa'a,
Bakwai har sau saba'in aka ce wa Bitrus ya yi yafiya.

Kafin Asabar, ina ba ka shawara ka ajiye jadawalinka ka karanta wasiƙar Bulus zuwa ga Filimon, wadda sura ɗaya ce mai ayoyi 25, inda Bulus yana kurkuku yake roƙon Filimon ya karɓi bawansa Onisimus a matsayin ɗan'uwa. Ka lura musamman da aya ta 18, inda ya ce idan Onisimus ya cuce shi ko ya ci bashinsa, a ɗora a kansa shi Bulus. Baba, ina jiran ra'ayinka a kan ko ya kamata ƙanena ya nemi wani dattijon ikkilisiya ya raka shi, domin ni na fi karkata ga ya fara zuwa shi kaɗai, kamar yadda Matiyu 18:15 ta tsara.