Wa ya karanta littafin nan na Suwidin kan Hercule Barfuss?

'YarMabera: Assalamu alaikum. Jiya da dare na gama wani littafi, fassarar Turanci, na Carl-Johan Vallgren, wanda ya fito a Suwidin a 2002 har ya ci kyautar August, babbar kyautar adabi ta ƙasar. Labarin ya fara a 1813 a Königsberg, wani birnin Jamusawa na wancan zamani: jarirai biyu aka haifa dare ɗaya a gidan karuwai. Henriette kyakkyawa, shi kuwa Hercule kurma ne, bebe, leɓensa a tsage, hannuwansa ba su moruwa, da ƙafa yake komai. Amma yana jin abin da ke zuciyar mutane. Ni da na saba da jarumi dogo mai mota, sai ga ni ina kuka kan wannan. Tambayata: ba ha'inci marubucin ya yi ba? Da bai ba shi baiwar nan ba, da yarinyar ta so shi?

MalaminRunji: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Baiwar ai ba gata ba ce. Ki duba, duk wanda ya kalle shi, yana jin ƙyamar da ke ransa ko da bakinsa na murmushi. Henriette kaɗai ce cikinta da wajenta ɗaya. Abin da ya fi burge ni ma, ba a mai da shi waliyyi don a tausaya masa ba. Da aka raba shi da ita, ramuwar da ya yi har ni sai da na ajiye littafin na sha ruwa.

Maman Ikram: Ku dai gaya wa mutane ba na yara ba ne. Ni babin farko ya ishe ni.

ƊanTsohuwarKasuwa: Ni ƙarshen ya kama ni. Tsibirin Martha's Vineyard na Amurka da Hercule ya je gaskiya ne, a da kurame sun yi yawa can har masu ji suna magana da hannu. Yayata kurma ce, shekararta 9 da aure, 'ya'ya uku. Mijinta tela ne, ba ya karanta zuciyar kowa, maganar hannu ya zauna ya koya tun suna zance a zaure. Har yau in suna gulmarmu ba mai ganewa.

'YarMabera: To, na ji amsata. Malam, littafin naka ne ko aro? Wanda ya ba ni nawa yana nema.