Me ke hana mata likitoci shugabanci a jami'a?

Tambaya: Assalamu alaikum. Mata sun yawaita a azuzuwan likitanci, amma kaɗan ke zama farfesa ko shugabar tsangaya. Ina matsalar take?

Amsa ta 1: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Ƙarin girma ya dogara kan wallafa bincike, alhali shekarun da aka fi buƙatarsa su ne na haihuwa da reno, ga koyarwa da duba marasa lafiya, waɗanda ba a cika lissafa su ba.

Amsa ta 2: Ki nemi babba da zai ambaci sunanki wurin naɗi, domin shawara kaɗai ba ta wadatar.

Amsa ta 3: Jinkirin yana damuna. Sai a 2007 Jami'ar Duke ta Amurka ta fara naɗa mace, Nancy Andrews, shugabar makarantar likitancinta.