Ƙanena ya gaji da zaman benci a Yamai, ya ce zai gudu: ku ba ni shawara

Mai tambaya (ya roƙi a ɓoye sunansa):

Assalamu alaikum ƴan uwa. Ni tela ne a Sabon Gari, nan Damagaram, kuma tun rasuwar mahaifinmu ni ke riƙe da gida. Ina da ƙane ɗan shekara 19, ɗan ƙwallo ne mai buga tsakiya, a wasannin unguwa aka gan shi, wata ƙungiya ta rukunin farko a Yamai ta ɗauke shi yana da shekara 17. Ya sa hannu a kwantiragin shekara uku. Kakar farko ya buga sosai. Da aka canza koci sai aka ajiye shi, a bana sau biyu kawai ya shiga fili, su ma a ƙarshen wasa. Albashin wata uku bai gani ba, ni ke aika masa kuɗin abinci. Ya nemi a sallame shi, suka ce sai an biya sefa miliyan biyu.

Yanzu wani dillali daga Kano yana kiransa, wai ya kawo jika 500 ya kai shi gwaji a wata ƙungiya a Libiya. Yaron ya ce in ban yarda ba zai tattara kayansa ya tafi ba tare da ya gaya wa kowa ba. Mahaifiyarmu ba ta barci. In na hana shi, ina tsoron in zama wanda ya kashe masa ƙafa. In na bar shi, ina tsoron abin da ya fi haka. Me zan yi?

Matashi daga Kara-Kara:

Yaya, ka bar shi ya tafi. Ɗan shekara 19 a benci asara ce. Pogba shekararsa 19 ya bar Manchester United a 2012 saboda ba a sa shi, ya tafi Juventus, a 2016 suka dawo suka saye shi da kuɗin da ba a taɓa biya ba a lokacin. Sancho ma ya bar Manchester City a 2017 ya tafi Dortmund. Da sun zauna jira, wa zai san su?

Tsohon mai tsaron gida, Birni:

Ɗana na Kara-Kara, misalinka ya yi, amma ka faɗi rabi. Pogba ya jira kwantiraginsa ya ƙare sannan ya fita ta ƙofa. Sancho kuma biyan kuɗi aka yi tsakanin ƙungiya da ƙungiya. Babu wanda ya tsallake katanga a cikinsu.

Mai tambaya, na yarda da matashin nan a abu ɗaya: benci yana cin yaro. Na yi tsaron gida shekaru, na ga yara masu ƙafa da suka zauna kaka biyu ba wasa, suka dawo gida da ƙiba da fushi, ƙwallon ma ya fita ransu. Atisaye daban, wasa daban. Amma kada ya gudu. Lisansinsa yana hannun ƙungiyarsa. Babu wata ƙungiya ta gaskiya a waje da za ta iya yi masa rajista sai hukumar ƙwallonmu, FENIFOOT, ta ba da takardar sauyin ƙasa. Wanda ya tafi ba ita, wasan unguwa zai ci gaba da yi a ƙasar mutane, ko a canza masa suna da shekaru, ranar da aka gano kuma shi za a hukunta, dillalin ya daɗe da kashe waya.

Ni abin da zan nema masa shi ne aro. Ka je da kanka, zuwa da kai ya fi saƙo, ka ce su ba da shi aro na kaka ɗaya ga ƙungiyar da za ta sa shi, a Maraɗi ko Arlit ko nan gida, ko da rukuni na biyu ne. Su sun huta da albashi, shi ya samu fili. Kada ya raina gida. Mu da muka manyanta mun san Espoir ta nan Zinder ta ci kofin ƙasa a 1984.

Wata uwa, Garin Malam:

Malam, ni ban san dokar ƙwallo ba, amma na san hanyar Agadas. Ɗan maƙwabciyata haka aka yi masa, aka sayar da akuyoyi da ɗan kunne aka ba mai kai shi, aka ce ƙungiya na jira. Aikin gini ya ƙare da shi, sai da aka yi karo-karo a unguwa aka dawo da shi, kuma har yau bai koma daidai ba. Don girman Allah kada ka ba da jika 500 ɗin nan. Ka kuma kira yaron gida ya ga mahaifiyarsa kafin a yanke komai. Yaro in yana shi kaɗai a ɗakin haya, da yunwa, duk wanda ya kira shi da murya mai daɗi zai bi.

Ɗalibin shari'a:

Yayana, tambaya ta farko: kwafin kwantiragin yana hannunku? In babu, wannan ne aikin farko, kafin maganar aro ko sallama. Ku nema a ƙungiya, in sun yi ta ja muku rai ku nema a FENIFOOT. Ku duba ranar ƙarewa, adadin albashi, wanda ya sa masa hannu tunda bai kai 18 ba a lokacin, da ko akwai inda aka rubuta miliyan biyun nan ko da baki kawai aka faɗa.

Ga abin da dokar FIFA kan matsayi da sauyin ƴan wasa ta tanada. Wanda bai kai 18 ba, ba a ɗaure shi da kwantiragin da ya wuce shekara uku, to nasa ya tsaya daidai kan iyaka. Ƙwararren ɗan wasan da ya bayyana a ƙasa da kashi 10 cikin 100 na wasannin kaka yana iya neman raba gari, cikin kwana 15 bayan wasan ƙarshe na kakar. Sai dai kada ku dogara da wannan, domin ayar ta yi magana ne kan wanda ya riga ya kafu, kuma ƙungiya za ta ce ɗan shekara 19 har yanzu koyo yake.

Makaminku mai kaifi shi ne albashi. Tun 2018 dokar ta ce in aka riƙe wa ɗan wasa albashin wata biyu, ya rubuta wa ƙungiya takarda, ya ba ta aƙalla kwana 15 ta biya duka. In ba ta biya ba, yana da hujjar katse kwantiragi. A rubuce, da kwanan wata, da shaidar an karɓa. Kiran waya da kuka a gaban shugaba ba sa shiga fayil. Kuma har lokacin ya ci gaba da zuwa atisaye kullum, ko da ba a kula shi. Ranar da ya daina zuwa, laifin ya tashi daga kansu ya koma kansa: wanda ya karya kwantiragi ba hujja yana iya biyan diyya, a kuma dakatar da shi wata huɗu.

Rigimarku ta cikin gida ce, ɗan Nijar da ƙungiyar Nijar, don haka gaban FENIFOOT za ta fara zuwa, kuma sai an duba yadda nata dokokin suka ɗauki waɗannan ayoyi. Ku samu lauya ya karanta takardar kafin a miƙa.

Dillalin kuma, ku tambaye shi lambar lasisinsa na FIFA, tun 2023 aka dawo da jarrabawar wakilan ƴan wasa. Ku ce ya turo takardar gayyata daga ƙungiyar. Dokar ta hana karɓar kuɗi don gwaji, kuma mai kwantiragi ba ya zuwa gwaji sai da izinin ƙungiyarsa a rubuce. Mutumin da ya san wannan ya ɓoye muku macuci ne, wanda bai sani ba kuma ba wakili ba ne.

Mai horar da yara, Mirya:

Kowa ya ɗora wa ƙungiya laifi, kuma riƙe albashi zalunci ne, ban musa ba. Amma akwai tambayar da ba a yi ba: ya taɓa zuwa wajen kocin, shi kaɗai, cikin ladabi, ya ce me ya rage mini? Yaranmu da yawa sun saba a unguwa su ne sarakai, a fada ana zuga su. A rukunin farko kuwa ɗan tsakiyan da ba ya komawa tsaro in an ƙwace ƙwallo, benci zai sha ko a ina ya je. Ban ce haka ƙanenka yake ba. Na ce a bincika, domin in matsalar tana ƙafarsa, za ta bi shi har Libiya.

Ɗan wasan Nijar Moussa Maâzou daga ƙungiyar ASFAN ta Yamai ya tafi Lokeren ta Beljiyam a 2008, daga nan CSKA Mosko a 2009. A fili aka gan shi yana zura ƙwallo, shi ya sa aka biya aka ɗauke shi.

Matashi daga Kara-Kara:

Baba na Birni, na ji. Amma in suka ƙi aron, suka ƙi biya, suka kuma ƙi karɓar takardar fa? Kun san manya sun san juna. Yaro ya kai ƙara, gobe ba wanda zai ɗauke shi.

Tsohon mai tsaron gida, Birni:

Wannan tsoro ne na gaskiya, na gan shi da idona. Shi ya sa na ce a fara da sulhu, a tafi da dattijon da shugaban ƙungiyar ke jin kunyarsa, takardar kuma tana aljihu. Saura masa kaka ɗaya. Ƙungiyar da ta san yaro zai fita kyauta baɗi, kuma ana bin ta wata uku, ta fi son aro a kan shari'a.

Mai tambaya:

Allah ya saka wa kowa da alheri. Na kira shi, kwafin ba ya hannunsa, kawunmu ne ya sa masa hannu, shi ma ba a ba shi ba. Na gaya wa na Kano ya turo lambar lasisi da takardar gayyata, ya ce zai sake kira. Yaron ya yarda ba zai daina atisaye ba sai na zo. Ranar Asabar in sha Allahu zan hau motar Yamai tare da kawu. Ɗalibin shari'a, in ba damuwa ka rubuto mini yadda ake tsara takardar neman albashin da Faransanci, in tafi da ita.