Neman shawara: ƙofar gona da Baba zai iya buɗewa daga kan doki

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, musamman daga masu walda da waɗanda suka san sha'anin doki.

Gonarmu tana bayan Pitowa, kusa da Garwa a arewacin Kamaru, kusan hekta 6. Bara waccan muka kewaye ta da waya mai ƙaya saboda shanun da ke gangarawa kogin Binuwai da kaka. Ƙofa ɗaya muka bar mata, ƙyauren ƙarfe mai faɗin mita 4, don amalanke da motar kwasar auduga su samu shiga.

Mahaifinmu ya haura shekara 70. Ba ya hawa babur, mota kuma sai dole. Dokinsa shi ne ƙafarsa, kullum bayan asuba a kansa yake zuwa gona. Yanzu gwiwarsa ta hagu ta sa shi gaba, kuma ita ce ke shiga likkafa in za a hau. Wata safiya na riga shi zuwa, ina bayan bishiyar darbejiya na hango shi. Ya sauka, ya buɗe, ya ja dokin ciki, ya rufe. Ya kama gaban sirdi, ya ɗaga ƙafa sau uku, ta ƙi kaiwa. Ya waiga dama da hagu ko wani na kallonsa, sannan ya ja dokin a ƙasa har bakin rijiya. Ban fito ba sai da ya yi nisa, don na san ba zai so a ce na gani ba.

Tun daga lokacin ya koma sa yaro ya buɗe masa da sassafe a bar ta a buɗe. Watan jiya shanu suka shiga suka yi mana ɓarna a masara. Magana ta kai gaban Jauro, wato mai gari, an sasanta, amma har yau mu da maƙwabtanmu gaisuwa ce kawai sama-sama.

Akwai irin ƙofar da zai buɗe ya rufe yana kan dokinsa? In kuma za ta yi mini amfani ni ma, to madalla, don a babur nake zuwa, wani lokaci a motar aro. Babu wutar lantarki a wurin, kuɗin hannu kuma ba yawa.

Wani matashi daga Ngaundere:

Wa alaikumus salam Yaya. Mu nan a manyan garken shanu akwai abin da ake yi wanda ba ya buƙatar ƙyaure sam. Rami ake haƙawa a bakin ƙofar, zurfin kamar rabin mita, a jera bututun ƙarfe a kansa a kwance, da tazarar kamar santimita 12 zuwa 15 tsakaninsu. Tsawon abin da za a tsallake ya kai mita 2 da rabi don kada saniya ta yi tsalle. Mota da babur su wuce abinsu, saniya kuwa tana zuwa ta ga rami a ƙarƙashin ƙafarta sai ta ja da baya. Ba buɗewa, ba rufewa.

Wani dattijo mai kula da dawaki, Marwa:

Ɗana na Ngaundere, Allah ya yi maka albarka, amma ka manta da dokin. Abin da ke hana saniya shi ke hana doki, kuma doki ya fi ta ganganci. In ya firgita ya taka, kofato ya zurma tsakanin ƙarfe biyu, ba tsayawa zai yi a ciro shi ba, fizga zai yi da dukan ƙarfinsa. Dokin da ya karye a ƙafa kowa ya san ƙarshensa, balle da tsoho a kansa. Kuma shanun amalankenku ma ba za su tsallake ba. Ka cire wannan daga lissafi.

Kai kuma mai tambaya, saurara. Kuskurenku shi ne kuna so ƙofa ɗaya ta yi aikin biyu. Ƙyauren mita 4 ba a sarrafa shi daga kan sirdi, ya yi nauyi, ya yi faɗi, hannun mahayi ba zai bi shi har ya buɗe ba. Ku bar wannan yadda yake saboda mota. A gefensa ku yanke waya ku yi wa Baba tasa ƙaramar ƙofa, faɗin mita 1 da rabi ko ɗan sama da haka. Kada ta gaza haka, don ba cikin dokin kaɗai zai wuce ba, har da gwiwoyin mahayi da likkafa biyu.

Ga yadda mahayi ke buɗe ƙofa, don ku san abin da za ku gaya wa mai walda. Ba kai tsaye ake tunkarar ta ba. A gefe ake zuwa, doki ya jera da ƙyauren, gindinsa wajen maratayi, kansa ya wuce wajen sakata. Linzami a hannu ɗaya, ɗaya hannun ya ɗaga sakata, ya tura, doki ya bi ta, sannan ya juya gindinsa ya dawo da ƙyauren. Ke nan dole a bar wa kan dokin fili a gefen sakata, aƙalla mita 1 ko fiye, kuma a wannan wurin kada a bar waya mai ƙaya ko ɗaya. Ku sa itace ko bututu mai santsi. Na ga dokin da ƙaya ta yage masa fatar ido a irin wannan juyin, bai ƙara yarda ya kusanci shinge ba.

Kuma dokin sai an koya masa. Kwana uku ko huɗu wani mai ƙarfin jiki ya hau ya yi ta shiga da fita, har ƙarar ƙarfen ta daina ba shi tsoro, kafin Baba ya gwada.

Mai walda, Garwa:

Maganar Baba na Marwa ita ce magana. Bari in ɗora nawa a kai.

Sakatar ba wuya. Falan ƙarfe ne mai ɗan kauri a kwance, an ɗaure gindinsa da noti a jikin ƙyaure yadda zai riƙa ɗagawa yana faɗuwa. A jikin ginshiƙi a yi masa mazauni mai gurbi a tsakiya, da gangara ta ciki da ta waje. In aka turo ƙyauren, ƙarfen ya hau gangarar ya faɗa gurbi da kansa, za ka ji ƙaras. Sai a ɗaura masa rodi a tsaye wanda zai zarce saman ƙyauren, shi mahayi zai kama. Tsayin rodin kada ka tambaye ni a waya. Ku ɗora Baba a kan dokin, ya miƙa hannu ba tare da ya sunkuya sosai ba, a auna da tef a wurin. Kan rodin a nannaɗe shi ya zama zobe rufaffe. In aka bar shi da tsini ko ƙugiya, hannun babbar riga ko igiyar linzami za su maƙale, doki ya yi gaba, mutum ya yi baya.

A yi ta mai buɗewa ciki da waje, don ko ta ina ya zo turawa zai yi. Tura ƙyaure daga kan doki ya fi jawo shi sauƙi nesa ba kusa ba, jawowa sai ka sa doki ya ja da baya. Bututu mara nauyi za a yi ta da shi, a sa waya mai raga a ƙasa saboda awaki, kada a rufe ta da kwano, iskar farkon damina za ta fizge ta daga hannunsa.

Wasu za su ce a ɗaura robar cikin taya ta riƙa rufe ƙofar da kanta. Kada ka yarda. Robar ba ta san doki bai gama wucewa ba, sai ta maka masa ƙyaure a cinya ya zabura.

Amma abin da ya fi sakata muhimmanci shi ne ginshiƙi, kuma nan ne yawancin aiki ke lalacewa. Ban san ƙasar gonarku ba. In irin baƙar lakar nan ce ta karal da ake dasa masakwa, wadda ke tsagewa da rani har hannu ya shiga, ta kumbura da damina, to ginshiƙin da aka binne rabin mita ba zai shekara a miƙe ba. Ya karkata da faɗin yatsa biyu kawai, sakata ta daina haɗuwa da gurbinta, Baba ya koma sauka. A haƙa mita 1, a zuba tsakuwa a ƙasa, a sa bututu mai kauri, a cika da kankare, a bar shi mako guda kafin a rataya komai. In da hali a haɗe ginshiƙan biyu da kankare ɗaya ta ƙarƙashin ƙasa, a rufe da yashi, in za su motsa su motsa tare. Itace kuwa gara ce za ta gaje shi, ko an shafe shi da baƙin mai jinkiri kawai aka saya.

Wani manomi daga Mundu, Chadi:

Game da mota, ni irin sandar shingen jami'an hanya na yi. Dogon bututu, an ɗaura masa nauyin siminti a gajeren gefen har ya kusa daidaita, yaro ma zai ɗaga shi. Na kafa sanda a waje da wata a ciki, kowace kamar mita 5 daga ƙofar, a ɓangaren direba, igiya na bi ta kansu. In na zo sai in miƙa hannu ta taga in ja, bututun ya tashi, in na wuce in ja ta ciki ya sauka. Gaskiyar magana, manyan shanu kawai yake tsarewa. Maruƙa da awaki ta ƙasa suke bi, igiyar kuma rana na cinye ta, duk shekara sai na canza.

Wani ɗalibi daga Garwa:

Akwai na sola mai rimot, batir mai ƙarfin bolt 12 ne ke tura ƙyauren. Kana cikin mota ka danna kawai.

Mai walda, Garwa:

Akwai shi ƙanena, kuma yana aiki. Sai dai faifan sola da batir a bakin gonar da ba mai kwana, ka san ba za su daɗe a wurin ba. Ga ƙurar hunturu, ga shi in ya lalace ba kowane gari za ka samu mai gyara ba.

Kai mai tambaya, babur ɗinka zai bi ta ƙofar Baba. Rodin nan ka kama shi daga tsakiya kana zaune, ka tura da hannu, ka wuce, ka miƙa hannu baya ka mayar. Motar aro kuwa sau nawa take zuwa a wata? Gwiwarka lafiya lau, ka sauka ka buɗe. Kuɗin igiya da sanda ka zuba su a kankare.

Wata Hajiya daga Gidar:

Ɗana, duk sun yi maganar ƙarfe, ni ta Babanku zan yi. Mahaifina ma mahayi ne, Allah ya jiƙansa, kuma na ga irin wannan waigen da ka faɗa. Kada ka je masa da cewa an yi ƙofa saboda ƙafarsa. Tsohon da ya shekara hamsin a kan sirdi in ka ce masa haka, rantsuwa zai yi ba zai bi ta ba. Ka ce masa babbar ƙofar na wahalar da kai da babur, kana so a yi ƙarama, kuma kana so shi ya nuna inda ya dace da tsayin da ya dace, tunda ya fi ku sanin doki. Ba ƙarya ka yi ba, kuma ƙofar ta zama tasa.

Sannan komai kyawun sakata wata rana zai sauka, ko bulala ta faɗi, ko salla ta kama shi a gona. Ka samu tsohon turmi ka kife, ka binne bakinsa kaɗan don kada ya yi rawa, ɗaya a bakin ƙofa, ɗaya a bakin rijiya. Kada ka ce masa komai a kai. Zai san amfaninsa. Gwiwar kuma a kai shi asibiti a duba, kada a bar ta da man zafi kaɗai.

Mai tambaya:

Jama'a, Allah ya saka da alheri. Yau kwana 19 da tambayata, ga inda aka kwana.

Na bi ta hanyar Hajiya. Da na ce masa shi zai zaɓi wuri, bai ce komai ba, washegari sai na tarar ya kafa tsinke biyu a yamma da babbar ƙofa, inda ƙasa ta fi tauri. Ashe ya daɗe da sanin inda ruwa ke kwanciya. Mun haƙa mita 1 kamar yadda Malam mai walda ya ce. Ranar awo da kansa ya hau ya miƙa hannu, har ya sa aka ƙara wa rodin faɗin tafin hannu.

Ƙanena ya yi kwana huɗu yana koya wa dokin. Ranar farko da ya ji ƙarar sakata ya yi tsalle gefe, da akwai ƙaya a wurin da an samu matsala, Baba na Marwa Allah ya ƙara girma. Matsala ɗaya ta rage: in an buɗe ta ciki, ƙyauren na ɗan gogar ƙasa a ƙarshe, gobe za mu kankare wurin da fartanya. Asibiti kuma ya amince za mu je Garwa ranar Litinin.

Jiya ya shiga ya rufe yana kan sirdi, sau biyu ya gwada kafin sakatar ta faɗa. Turmin bakin rijiya kuma na ga sawun takalminsa a kai.