Me ya sa lefe da kayan ɗaki ba sa raguwa duk da tsadar rayuwa?

Ɗalibar Zamantakewa ta rubuta:

Assalamu alaikum. Ina nazarin ilimin zamantakewar al'umma a jami'a, kuma akwai abin da ya daɗe yana ɗaure mini kai. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, gidaje da dama a unguwarmu sun rage cefane, waɗanda suka saba sayen gwangwanin madara sun koma sayen 'yar leda, amma ban ga lefe ya ragu ba. A bikin wata 'yar'uwata akwati shida aka kawo, alhali kowa ya san sai da angon ya ci bashi. An koya mana cewa masanin nan na Amurka, Thorstein Veblen, ya yi bayani a 1899 kan sayayyar da ake yi domin a gani, sai dai na fahimci a kan attajirai ya yi maganarsa. To shi wanda bai da na abincin gobe, me yake saye da wannan kuɗi?

Malamin Sakandare ya amsa:

Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Akwai ɗan gyara a fahimtarki, domin Veblen bai taƙaita maganarsa ga attajirai ba. Ya nuna cewa kowane rukuni na jama'a yana kwaikwayon wanda ke sama da shi, kuma ko matalauci yakan jure yunwa kafin ya saki abu na ƙarshe da ke rufa masa asiri a idon mutane. Ki haɗa da Pierre Bourdieu na Faransa, wanda ya nuna a 1979 cewa sanin abin da ya dace a saya shi kansa wata dukiya ce da ake koya a gida, kuma da ita ake bambance ɗan wane da ɗan wane. Duk wanda ya taɓa zama kusa da mata ranar kallon lefe ya ga haka, domin da yatsu biyu ake murza atamfa a yanke wa dangin ango hukunci.

A nawa ganin dai yawancin abin gasa ce da tsoron gori. Abin da addini ya wajabta sadaki ne, wanda mafi ƙarancinsa a mazhabar Malikiyya rubu'in dinari ne. Sauran duk al'ada ce muka ɗora wa kanmu, har ta hana samari aure.

Goggon Amare ta amsa:

Malam, da girmamawa, ka haɗa abubuwa biyu da ba ɗaya ba ne, kuma 'yata mai tambaya ita ma ta haɗa su tun daga kanun maganarta. Lefe daga wajen ango yake fitowa, kayan ɗaki kuwa daga wajen iyayen amarya, kuma kowanne da aikin da yake yi.

Na aurar da 'ya'ya uku, na kuma yi jere a ɗakunan da ban san adadinsu ba. Uwa ba ta sayen kayan ɗaki a wata guda. Tun yarinya tana firamare ake tarawa, yau kwano, gobe tukunya, idan ta ɗauki adashi ta ƙara da katifa ko bargo. Wani kason kuma ba saye ba ne, biki ne ake mayar mata, wato gudummawar da ta shekara ashirin tana kai wa ƙawaye da dangi a nasu hidindimun. Saboda haka idan mata suka shiga ɗakin amarya suna ƙirga kaya, ba kuɗin mahaifinta kaɗai suke aunawa ba, suna duba ko uwarta tana da jama'a, ko ta yi zumunci, ko akwai waɗanda za su tsaya wa yarinyar idan zaman ya yi tsami. Dangin miji ma suna karanta wannan saƙo, kuma amaryar da aka kai da ɗaki fayau takan sha gorin kishiya da na dangin miji shekara da shekaru.

Ga kuma abin da maza ke mantawa: kayan nan mallakin matar ne. Kakanninmu ƙorai suka jera, iyayenmu suka jera tasoshi, mu kuma a zamaninmu kwanonin samira ne ake cika kabad da su, yawancinsu ba a taɓa zuba musu tuwo ba. Wanda bai sani ba zai ce asara ce, amma ranar da ciwo ya zo ko jari ya karye, dillaliya ake kira a ba ta saiti ɗaya ta sayar, ba tare da maƙwabta sun ji ba. Idan aure ya mutu, da kayanta mace take fita. Matar da ba ta da asusu a banki, kabad ɗinta ne asusunta.

Inda na yarda da kai shi ne, kayan yanzu ba sa riƙe daraja. Kujeru da gadon katakon da ake kashe wa maƙudan kuɗi, bayan shekara uku ko rabin kuɗinsu ba za a ba ka ba, ga yayi yana sauyawa kullum saboda abin da yara ke gani a Instagram da TikTok. Ni yanzu shawarar da nake ba iyaye ita ce a rage katako a saya wa yarinya ɗan kunnen zinari ko keken ɗinki.

Ɗan Kwari ya amsa:

Hajiya ta yi bayanin ɗaki, ni kuma bari in yi na akwati, tunda a Kantin Kwari nake neman abinci. Ƙanwata, kin ce lefe bai ragu ba, amma mu da muke sayarwa mun san ya ragu sosai, sai dai ba a inda ido ke gani ba. Yawan akwatuna da yawan turame ake karewa, domin su ne ake faɗa a unguwa, inganci kuma shi ake sassautawa. Mai haɗa lefe zai sayi Super ta kamfanin Vlisco na ƙasar Holan guda ɗaya ko biyu, da shadda Getzner ta Ostiriya guda ɗaya, a ɗora su a sama, sauran kuma a cike da kayan ƙasar Sin masu zane iri ɗaya, waɗanda farashinsu bai kai ko kusa ba. Masu karɓar lefen sun sani, masu kawowa sun san an sani, amma matuƙar an cika ƙirgen babu mai tona wa wani asiri.

A da akwai matsakaicin mataki, wato atamfar gida, lokacin da masaƙun Kaduna da Kano ke aiki. Tun da suka durƙushe, har babbar masaƙar UNTL ta Kaduna ta rufe a 2007, sai kayan Sin suka maye gurbin, kuma su ne suka ba mai ƙaramin ƙarfi damar sa zanen da ya yi kama da na matar attajiri. Wannan kuwa shi ke sa masu kuɗi gudu zuwa sabon leshi ko sabon zane duk bayan 'yan watanni, mu kuma mu bi su da kwafinsa.

Ɗalibar Zamantakewa ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara girma. Goggo, na karɓi gyara, zan raba lefe da kayan ɗaki a aikin binciken da nake shiryawa, ko da yake har yanzu ina ganin nauyin bashin da ango ke ɗauka bai samu irin uzurin da kika ba kabad ba, tunda atamfar da aka ɗinka ba ta komawa kuɗi. Yayana na Kwari, wane lokaci ya fi dacewa in zo in ga masu haɗa lefe da idona?

Ɗan Kwari ya amsa:

Ki zo a watan Rajab ko farkon Sha'aban, lokacin da ake rige-rigen ɗaura aure kafin azumi, ko kuma a watan Nuwamba saboda bukukuwan ƙarshen shekara. Ki taho da wata babbar mace da ta saba ciniki, domin gwaggonnin ango sun fi sakin baki da sa'arsu fiye da ɗaliba mai riƙe da littafi da biro.