Wace kalma ta dace da "campaign medal"?

Mai fassara: Assalamu alaikum. Ina neman Hausar "campaign medal", irin waɗanda Ingila ta riƙa ba hafsoshin sojan ruwanta a zamanin mulkin mallaka, yanzu kuma ake gwanjonsu. "Lambar yabo" ta wadatar?

Malamin tarihi: Wa alaikumus salam. Ba ta wadatar ba, Malama. Lambar yabo ta wanda ya yi bajinta ce. Wannan kuwa zuwa ake dubawa: in dai ka je yaƙin, hafsa ne kai ko ƙaramin soja, za a ba ka. Ɗauki ta Gabas da Yammacin Afirka da aka fito da ita a 1892. Sojan ruwan da suka bi kwamandansu Harry Rawson suka ci birnin Benin (a Najeriya ta yau) a 1897 sun same ta. In muka ce "yabo" a nan, sai ka ce mu ne muke yaba musu. Na fi son "lambar halartar yaƙi".

Tsohon soja: Ta yi tsawo, Malam. A bariki "minda" ake cewa. A ce "mindar yaƙi" a huta.

Dillalin kayan tarihi: Na bi bayan Baba. Amma inda gizo ke saƙar shi ne siririn ƙarfen nan da ake maƙalawa a saman faifan azurfar, jikin ƙyallen mai ruwan ɗorawa da baƙi. Shi ke ɗauke da sunan yaƙin: Gambia 1894, Brass River 1895, Benin 1897. Minda ɗaya ce, kowane sabon yaƙi sai a ƙara ƙarfe, kuma shi ke ɗaga farashi. Shi ya sa 'yan damfara ke ƙara wanda mai mindar bai samu ba. Dubi ƙusoshin gefe, sababbi sukan bambanta. Suna da muƙami da sunan jirgi kuwa a bakin faifan suke. In an kankare da magagari an sake rubutawa, faɗin zai gaza milimita 36. A kuma gwada da rajistar waɗanda aka ba mindar da ke gidan adana takardun Ingila a Kew, London. Kada a goge ta da man ƙyalli, yana cinye fuskar Sarauniya Victoria da ke jikin faifan.

Mai fassara: To, ƙarfen fa, Alhaji? "Ƙarfen yaƙi"?

Dillalin kayan tarihi: A'a, za a zata makami ne. "Ƙarfen shaida".

Malamin tarihi: Na yarda. "Mindar yaƙi" da "ƙarfen shaida". Sai dai a farkon ambato a ƙara bayanin cewa ta halarta ce, don matasa da yawa ba su san "minda" ba.