Abin da aka tattauna kan ƙarin horo ga ma'aikatan jin daɗin jama'a masu kula da tsofaffi

Ga abin da na tattaro daga bayanan 'yan uwa da suka tattauna kan abin da ya kamata ma'aikaci ya ƙara koya:

1. Kusan kowa ya sa cutar mantuwa a gaba. Ma'aikaci ya iya bambanta ta da ruɗewar da ke zuwa farat ɗaya. Mantuwa a hankali take shiga, cikin watanni ko shekaru. Amma tsohon da jiya lafiya lau, yau yana sambatu, a kai shi asibiti ranar, don sau da yawa ciwon mafitsara ne, ko ƙarancin ruwa a jiki, ko sabon magani. An kuma nanata koyon yi wa iyali bayani, tunda har yanzu akan jefi tsohuwa mai mantuwa da maita.

2. Gyambon kwanciya: a san wuraren dubawa, wato dunduniya, ƙugu da ƙasan baya, a tabbatar ana juya marar lafiya kamar duk awa 2.

3. Alamun cin zarafi: rauni ba bayani, ramewa, katin fansho a hannun wani. A gana da tsohon shi kaɗai, a rubuta kalamansa yadda ya faɗa, da kwanan wata.

4. Zama da babban ma'aikaci duk wata don bitar matsalolin tsofaffi masu wuya.

Inda aka rabu: wasu sun ce a koma jami'a a ƙaro digiri, wasu sun fi son gajerun bita tare da ma'aikatan jinya da masu gashin ƙashi. Haka ma auna hawan jini: wasu na ganin ya dace ma'aikaci ya iya, wasu sun ce aikinsa ya lura ya tura, kada ya shiga hurumin jinya.